Tafiyar Jidda da Mijina Bai Yi Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da ciwon da ido ke gani da wanda ba ya gani. Na rubuta wannan ne saboda matar da ke zaune yanzu a bakin gado, mijinta ya juya fuska ga bango, an sha magani har an gaji, ta rasa wanda za ta tambaya. Ni ma na zauna a wurin. Mijina Ɗahiru ya kusa kuɓuce mini, ba haɗarin mota, ba zazzaɓi. Yana kwance a gabana, amma kullum sai na ga ya ƙara nisa.

Sunana Zulai. A Sabangali aka haife ni, nan Injamena, kusa da kogin Shari. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin ruwan nan, suka ce bari a huta damina ɗaya. Har yau muna hutawa. Waɗanda suka ci gaba da tafiya sun bar jikoki a Sudan da Jidda da Makka, shi ya sa da wuya ka sami gida a layinmu da ba shi da nasa a gabas. In mutum zai tafi can, sai ya bi gida gida ya yi ban kwana, a yafi juna, a ɗora masa daddawa da kuka da kilishi ya kai wa dangi. Tun ina yarinya nake ganin haka.

Ni da littattafan soyayya na taso, irin waɗanda 'yan kasuwa ke kawowa daga Kano, masu bangon da ke yagewa tun kafin a kai tsakiya. A cikinsu ma ana ciwo. Saurayi zai kwanta, budurwa ta riƙe hannunsa, hawayenta ya ɗiga a goshinsa, ya buɗe ido ya kira sunanta. Da wannan ilimin na shiga jinya.

Ɗahiru mai haɗa turare ne, yana da ɗan shago a kasuwa. Lokacin da yake nemana bai iya dogon zance ba, sai dai ya miƙo mini 'yar kwalba ya ce, “Wannan ƙamshin ranar da na fara ganinki ne.” Wata ran ya ce wannan na ranar da na yi fushi da shi ne, ya sa kanumfari a ciki. Ina kiransa Yaya tun kafin aure, har yau ban sake ba.

A shekara ta biyu da aurenmu, bayan damina, abin ya fara. Ba wanda ya mutu, kasuwa ba ta ƙone ba, ba mu yi faɗa ba. Da farko abinci ya rage. Sai ya daina zama teburin Isufu, wani mai shayi mutumin Nijar da ke kafa kayansa daidai ƙofar gidanmu, inda mazan layi ke taruwa da safe. Wata rana na turara ɗaki da sandal ɗin da shi da kansa ya haɗa, na tambaye shi ko ya ji.

Ya ce, “Zulai, komai yanzu ƙamshin ruwa yake mini.”

Na yi dariya, na ɗauka irin zancen masoya ne. Mako bai zagayo ba ya daina buɗe shago. Wanka sai na roƙa. In na yi magana sai ya daɗe kafin ya amsa, kamar maganar daga ƙasan rijiya take fitowa.

Mahaifiyarsa, Inna, tare muke zaune. Ita ta fara cewa shawara ce, aka jiƙa saiwoyi. Wata 'yar'uwa ta ce taifot ne, aka ɗebi jini, aka ce lafiya lau. Wani ya ce abokan kasuwa ne suka yi masa jifa, aka kai shi wurin wani malami a unguwar Butalbagar, aka yi rubutu aka sha. Malamin, Allah ya saka masa, shi ne ya ce a haɗa da asibiti, domin abin da yake gani ya fi kama da ciwo.

Asibitin kuwa, sai mutum ya yi sammako ya tarar an riga shi. Benci ya cika, wasu a ƙasa kan tabarma, ga zafi, ga mai gadi da ke magana da mutane kamar ya kama su da sata. Daga wannan ɗaki aka tura mu wancan, har muka isa wurin likitan ƙwaƙwalwa, wani dattijo mai gilashi da ke haɗa Larabci da Faransanci a jimla ɗaya. Ya yi wa Ɗahiru tambayoyi a hankali, ya jira kowace amsa ba tare da gaggawa ba. Sannan ya ce sunan ciwon depresiyon. Ya ce ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, ciwo ne da ke kashe wa mutum ɗanɗanon rayuwa, kuma yana iya kisa. Ya rubuta magani, ya ce sai an yi makonni kafin a ga aikinsa.

Da muka dawo, Inna ba ta ji duk wannan ba. Abu ɗaya ta ji, an kai ɗanta wurin likitan mahaukata. Ɗahiru yana da ƙanne mata biyu da ake nema a lokacin. Ta zaunar da ni a ɗakinta ta rufe ƙofa.

“'Yar nan, in maganar nan ta fita, ba mai ƙara sallama a gidan nan. Za a ce jininmu ne. Duk wanda ya tambaya, ki ce ya tafi Jidda saro turare. Tafiyar gaggawa ce.”

Na ce, “Inna, har yaushe?”

“Har ya warke. Ba likita ya ce makonni ba?”

Haka aka yi. Washegari labari ya zaga layi cewa Ɗahiru ya tafi gabas. Muka ɗauke takalmansa daga bakin ƙofa, kayansa na daina shanyawa a tsakar gida. Ranar asibiti sai mu naɗa masa kadamul, rawanin nan da mazan garin nan ke rufe fuska da shi sai ido, mu fita ta ƙofar baya. Maƙwabta suka riƙa shigowa suna mini ya kewa. Isufu kuwa kowace safiya sai ya yi sallama a bakin zaure ya miƙo kofin shayi ɗaya, ya ce, “Na gidan matafiyi ne.” Shayin baƙi ƙirin, sukari kaɗan, irin wanda ba na iya sha. In na kai wa Ɗahiru sai ya girgiza kai. Sai in zubar a gindin lemun tsami, in ɗauraye kofin in mayar.

Ni a lokacin ban ga aibun shirin Inna ba. Na ma ji kamar a littafi nake: ni da shi kaɗai, labule a sauke, duniya a waje. Na ba shi abinci a baki. Na yanke masa farce. In ya yunƙura zai ɗauki buta sai in riga shi. Ina jiran ranar da zai buɗe ido ya kira sunana.

Makonnin da likita ya ce suka wuce, ba abin da ya motsa. Aka ƙara yawan maganin, sai jiri da bushewar baki. Aka sake wani, muka sake jira. Shi ma shiru. Aka kawo na uku, mai tsadar da sai na zaga farmasi da yawa kafin in samu, wani lokaci a ce ya yanke a gari gaba ɗaya. Kayan shago muka riƙa sayarwa a hankali ta hannun wani abokin kasuwarsa. Azumi ya zo ya wuce, Ɗahiru yana Jidda a bakin mutane, yana kan katifa a gabana, wuyan rigarsa yana ƙara faɗi.

Ranar da muka koma bayan magani na uku, likita ya cire gilashi ya ajiye. Ya faɗi wata kalma da ta manne mini har yau: rezistant. Ya ce ma'anarta ciwon ya ƙi jin magani yadda ake so.

Na ce, “Likita, ke nan shi ke nan?”

Ya ce, “A'a, Madam. Ƙwaya ƙofa ɗaya ce, gidan yana da wasu ƙofofi. Kada ku daina wannan da kanku, zai ci gaba da sha. Amma yanzu za mu ƙara abin da ba a haɗiyewa.”

Ya ce akwai zaman magana da ƙwararre, ba hira ba, aiki ne da ake yi wa tunani. Akwai tafiya da ƙafa da motsa jiki, da hasken safiya, da kwanciya da tashi a kan lokaci ɗaya. Akwai komawa sana'a kaɗan kaɗan, da shiga mutane. Ya ce a wasu ƙasashe akwai na'urar maganaɗisu da ake ɗorawa a gefen kai, mutum yana zaune ido biyu. Akwai kuma maganin lantarki, wanda ake sa mutum barci kafin a yi, bai san an yi ba, kuma ya ceto mutane da dama da ciwonsu ya yi tsanani. Ya ce waɗannan biyun babu su a asibitinsu, sai an fita waje. Sannan ya dube ni sosai.

“In ya daina ci gaba ɗaya, ko ya fara zancen mutuwa, kada ki ɓoye mini ko na yini ɗaya.”

Ya tura mu wurin wata mata a ɗakin ƙarshen baranda, wadda aikinta ke nan zaman magana. 'Yar kudu ce, ba ta jin Hausa, da Larabci muke yi. Kowa Madam yake ce mata. Bayan ta zauna da Ɗahiru shi kaɗai, sai ta kira ni.

“Me yake yi da hannunsa a yini?”

Na gyara zama na ce, “Ba na bari ya yi komai.” Ina jiran yabo.

“Yaushe rabon rana ta taɓa shi?”

Na ce labule ma ba na ɗagawa, don kada haske ya dame shi.

Ta ce, “Kina sonsa, wannan a fili yake. To daga yau ki so shi da ɗan mugunta. Ya ɗauki butarsa. Ya ninke bargonsa. Kada ku jira sai ya ji daɗi sannan ya tashi. Tashin ne ke fara zuwa, jin daɗin ya biyo baya a makare. Kuma kowace safiya ya fita ya taka ƙasa, ya gaisa da mutane.”

Na fito raina a ɓace. Mace ta dube ni ta ce jinyata ce ke ƙara kwantar da mijina! Amma abin da ya fi wannan shi ne maganar fita. Da na gaya wa Inna sai ta tafa hannu.

“Mutumin da ke Jidda ne zai fita yawo a Sabangali? A ce masa me, aljani?”

Nan na fara gane abin da muka yi. Mun gina masa ɗaki da bakinmu, ba taga, mabuɗin kuma ya ɓace. Maganin da ya rage mana yana waje, bakin ƙofa, mu kuma mun gaya wa duk layi cewa yana bayan teku.

Kawu Sule ne ya fitar da mu, ƙanin mahaifiyata. Yana da lambu a Waliya, ƙetaren kogi, kuma kullum da asuba yakan shigo gari da wata tsohuwar a-kori-kura ya sauke ganye a kasuwa, ya koma ba kaya. Na gaya masa gaskiya. Bai yi salati ba, bai tambayi wa ya yi jifa ba. Ya ce gobe mu jira shi a ƙofar baya.

Da ya ga Ɗahiru cikin kadamul sai ya ce, “Alhaji, yaya Jidda? Na ga ba ta karɓe ka ba. Ko shinkafar Larabawa ce ba ta yi maka?”

Ɗahiru bai yi dariya ba. Amma ya shiga motar.

Safiyar farko, muna kan gada, rana tana fitowa a kan ruwa, masunta suna jan koma a ƙasa. Ni kuwa na ce a raina ai yau ne zai juyo ya ce mini wani abu. Ya rufe ido har muka sauka. A lambu ya taka daga mota zuwa gindin mangwaro ya zauna, bai ƙara tashi ba. Da muka dawo ya yi kwanan wuni, ya ce mun wahalar da shi a banza.

Na gaya wa Madam. Ta ce, “Ya je gindin mangwaro? Madalla. Gobe ya wuce shi da taku kaɗan.”

A mako na biyu Kawu ya miƙa masa gwangwanin ban ruwa ya ce, “Ni ba na ciyar da ɗan kallo. Wannan layin salak ɗin naka ne, in ya mutu kai ka kashe shi.” Na so in karɓa in yi masa, Kawu ya harare ni, na koma na zauna na naɗe hannu. Ɗahiru ya yi rabin layi yana haki. Bayan kwanaki ya gama layin. Wata rana ya ci rabin kisar, siririyar wainar dawan nan ta garinmu, da miyar kuɓewa da matar Kawu ta kawo, ba wanda ya roƙe shi. Na juya baya don kada ya ga idona.

Zaman da yake da Madam ban san duk abin da suke faɗa ba. Abin da ya gaya mini shi ne tana sa shi ya kama tunani ɗaya, irin “ni kaya ne a kan kowa”, ya juya shi kamar yadda yake juya kwalba a gaban haske, ya ga ko na gaske ne ko jabu. Ya ce wani lokaci yana gane jabu ne, amma nauyinsa bai ragu ba. Ta ce masa haka ake farawa.

Kada wanda ya karanta ya ɗauka daga nan hanya ta miƙe. Ana cikin haka motar Kawu ta lalace, muka yi kwanaki ba mu ƙetare ba, Ɗahiru ya koma bango kamar ba a taɓa fita ba. Wata safiya ina share ɗaki ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Da ban farka ba yau, da kowa ya huta.”

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Inna ta ce kada in faɗa wa kowa, zancen ciwo ne kawai. Ban saurare ta ba. A ranar na kai shi asibiti, na tsallake layi, mai gadi yana ta faɗa ban ko waiwaya ba. Likita ya ce na yi daidai. Ya ce kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, maganin ma ni zan riƙe in riƙa ba shi. Ya ce mu fara shirin fita waje don lantarkin, in abin bai sassauta ba. Inna ta yi kuka ta ce za a soya wa ɗanta kai. Likita ya kira ta ya yi mata bayani da kansa, bai ɓoye mata cewa lantarkin yakan sa mantuwar abubuwan kusa na wani lokaci ba. Na sayar da sarƙar aurena muka fara neman takardu. A layin asibiti na haɗu da wata da aka kai yayanta aka yi masa, ta ce yanzu yana tuƙa motarsa yana ciyar da iyalinsa. Mu Allah bai sa mun kai ga tafiya ba, amma ban rubuta wannan don a guje shi ba. Da ta kama, da mun je.

Kafin a gyara motar Kawu, kilando muka riƙa hawa, babur ɗin haya, shi ɗaya ni ɗaya, kuɗin yana cin na cefane. Madam ta ce a kawo masa sana'arsa gida. Na je shago na kwaso kwalabe da icen sandal da ɗan turminsa. Kwanaki suna ajiye yana kallonsu. Sai wata rana da hantsi na ji daka daga ɗaki, a hankali, kamar mai tsoron a ji. A cikin makon ne ya miƙa hannu ya karɓi shayin Isufu ya shanye.

Jiki ya fara dawowa, barci ya fara daidaita. Amma Madam ta ce akwai saura.

“Lambu ya ba shi ƙafa, ba zai ba shi abokai ba. Mutum ba ya warkewa a ɓoye.”

Shi ma ya gaya mini a kan hanyar dawowa daga Waliya, muna bayan mota. Ya ce, “Zulai, abin da ya fi yi mini nauyi yanzu ba ciwon ba ne. Ina jin muryarsu a teburin Isufu, ina jin suna cewa Allah ya dawo da ni lafiya. Da ƙasa mai tsarki aka yi ƙarya saboda ni. Da wane ido zan dube su?”

Inna ta ce wannan mai sauƙi ne, tunda ya tafi sai ya dawo. Ta aika aka sayo dabino da tasbaha da huluna a kasuwar garin nan, aka zuba cikin wata tsohuwar jaka mai tambarin jirgi. Ta ce ranar Juma'a Kawu zai fitar da shi ta baya, ya sa shi a tasi, tasi ta sauke shi a ƙofar gida da rana kowa yana gani. Har ta fara koya masa abin da zai ce game da tsadar kaya a Jidda. Yana zaune yana sauraro. Ni kuwa tsoro ya kama ni. Na ga mutumin da da ƙyar ya fara ɗaukar kansa, za a ɗora masa ƙaryar da zai riƙa ɗauka kullum har ƙarshen rayuwarsa.

Ranar Alhamis da safe na ɗauko masa kadamul don tafiya lambu. Ya karɓa ya ajiye a kan gado. Ya tambaye ni takalmansa. Na ce waɗanda yake sawa suna ƙofar baya. Ya ce ba su ba, na da, waɗanda aka ɓoye. Na ciro su daga ƙarƙashin gado na kaɗe. Ya sunkuya ya sa su.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Da ta ga inda ya nufa ta miƙe da rariya a hannu.

“Ɗahiru! Gobe ne, ba yau ba!”

Ya ce, “Inna, ki yafe mini.” Ya shiga zaure.

Na bi shi na tsaya a bayan ƙyaure, inda nake ganin teburin ta tsaga. Maza sun cika benci, kowa da kofinsa. Ya yi sallama. Surutu ya ɗauke. Sai wani dattijon layinmu, Malam Garba, ya yi maza ya miƙe ya ce, “A'a, mutanen gabas! Saukar yaushe? Barka da hanya.” Saura suka kama, barka, barka, kowa yana miƙo hannu.

Na ce a raina, ga hanya sun buɗe masa, ya bi kawai.

Ya tsaya riƙe da gefen tebur. Muryarsa ba ta fita sosai, amma na ji.

“Ban je ko'ina ba. Ina cikin ɗakin can tun bara. Ciwon damuwa ne ya kama ni, irin wanda ake zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Har yanzu ban gama warkewa ba.”

Ina jin Inna a bayana tana salati ƙasa ƙasa. Isufu bai ɗago ba, yana ta ɗaga buta sama yana zuba shayi har kumfa ta taso. Ya tura kofin gabansa.

“Zauna, ya akhuy, zauna ɗan'uwa. Mun sani.”

Ɗahiru ya ce, “Kun sani?”

Malam Garba ya koma ya zauna yana gyara hula. Ya ce, “Ɗana, wa ya taɓa tafiya gabas daga layin nan bai shiga gidana ya ɗauki daddawar 'yata da ke can ba? Ko ɓarawo ne sai ya yi ban kwana. Tun ranar farko muka sani. Mun ga tsohuwa ta rufa, muka ce ba mu za mu yaye mata ba.”

Wani daga ƙarshen benci ya ce, “Kuma kadamul ɗin nan naka, wallahi ko ɗan shekara bakwai ya fi ka iya naɗi.”

Aka fashe da dariya. Ɗahiru ya zauna. Ya riƙe kofin da hannu biyu.

Isufu ya ce, “Ni kullum kofina nake tambaya labarinka. Wata da watanni yana dawowa ba ƙamshin komai, na san zubarwa ake. Ran da ya dawo yana ƙamshin sandal, duk da an ɗauraye, na ce wa jama'a, ku shirya, jirgin Ɗahiru ya kusa sauka.”

A bayan ƙyauren nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun farkon ciwon.

Ina godiya ga mutanen layinmu, amma ina da ƙorafi a kansu, kuma na faɗa wa matansu. Mu mun yi shiru don kunya, su sun yi shiru don kara, tsakanin shirun biyu mutum ya kusa mutuwa a ɗaki, taku kaɗan daga bencin abokansa. Da ɗaya daga cikinsu ya daure ya shigo ya zauna kusa da shi, ko bai ce komai ba, da wataƙila ba mu kai inda muka kai ba. Ina godiya ga likita da Madam, ina kuma ƙorafin cewa gari kamar wannan, irinsu ba su da yawa, har sai mutum ya yini a benci kafin ya gan su. Inna ba ta yi don mugunta ba. Ɗaya daga masu neman 'yan matan ya janye da ya ji, ɗayan ya zo da kansa ya gaishe da Ɗahiru, shi ne mijin ƙaramar yanzu.

Ga wadda ke inda na zauna: in magani ya ƙi, ki koma wurin likita ki tambayi sauran ƙofofin, kada ki yanke ƙwaya da kanki. In ya ambaci mutuwa, ranar za ki faɗa. Ki ɗaga labule. Ki bar masa butarsa. Kuma duk abin da za ki gaya wa maƙwabta, kada ya zama abin da zai hana shi fitowa.

Ɗahiru har yanzu yana shan magani, yana zuwa wurin Madam jefi jefi, yana ƙetarawa Waliya ranar da ba kasuwa sosai. Shago rabin yini yake buɗewa. Akwai safiyar da nauyin ke dawowa, sai in ga ya daɗe zaune a bakin gado, sannan ya miƙa hannu ya jawo takalmi.

Dogon jawabin da nake jira irin na littafi bai zo ba, na kuma daina jira. Dabinon Inna a teburin Isufu aka cinye shi, ana ta tsokanar cewa na Jidda ya fi zaƙi. Amma ran nan da ya dawo daga kasuwa ya ajiye mini 'yar kwalba a kan madubi. Na buɗe na shinshina. Akwai sandal, akwai wani abu kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ɗan ɗaci a ƙarshe.

Na ce, “Yaya, wannan na wace rana ne?”

Ya ce, “Na ranar da kika bar ni na ɗauki buta da kaina.”